Takardar Bango a Ɗakin Inna

Na sha wahala a kan bangon ɗaki ɗaya, irin wahalar da ban sha ba a noman rani, ban sha ba a shekarun da na yi ina dakon buhu a tashar Birnin Kudu. Aikin ƙarfi in ka gama sai ka kwanta ka yi barci. Wannan kuwa na kwanta da shi na tashi da shi bazara guda, ina zargin kowa, har matar da take dafa mini tuwo.

Ɗakin na Inna ne, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna irin mutanen da ce, jinin Fulani ta wajen uwa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta aike na, ba ta taɓa ce mini tana jin yunwa ko ƙishirwa ba. In tana da magana da ni sai ta juya wajen matata ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan," alhali ina tsugune a bakin ƙofa ina ji. A haka muka rayu, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Tun da ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce, ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba. Ido ma ya yi rauni, sai dai ta gane mutum da murya. Matata ce take ɗaga ta, take kwantar da ita, take ɗumama ruwa a buta ta kai mata da tasa ta yi alwala a zaune. Gadonta yana jingine da bango, a ɗakin da mahaifinmu ya gina da tubali a nan Kiyako tun ba a haife ni ba. Yaɓen jar ƙasa ne, har yanzu da sawun yatsunsa a sama wajen azara.

Autanmu yana Kano, yana sayar da kayan waya, Allah ya buɗa masa. Da ya zo babbar salla ya shiga gaishe ta, ya fito yana kaɗe hularsa.

"Yaya, yanzu a nan Inna take kwana? Ai rumbu ya fi nan haske."

"A nan aka haife ka," na ce masa.

"Shi ya sa zan gyara."

Maganar ba ta kwanta mini ba. Gidan nan ba a raba shi ba tun rasuwar Baba, kuma na ga yadda ake yi a garin nan. Mutum ya zuba siminti a ɗaki yau da sunan taimako, ranar rabon gado ya miƙe ya ce ɗakin nan da guminsa a ciki. Amma yaro ya ce zai gyara wa uwarsa ɗaki, kai babba ka ce a'a, da wace fuska za ka shiga masallaci? Na bar shi ya yi.

Mai aikin daga Gwaram aka turo shi. Mijin ƙanwata ne ya samo shi, don a can take aure. Mai aikin wani dogo ne mai baƙin gilashi a goshi, kullum da waya a kunne. Muka mayar da Inna ɗakin matata, ya shiga da kayansa.

Ban taɓa ganin ana yi wa bango haka ba. Ya ce siminti ba ya kama ƙasa sai da dabara, don haka ya bi bangon nan kaf yana kafa ƙusa, kowace ƙusa da murfin kwalbar lemo a kanta, ya ɗaure ragar waya irin ta akurkin kaji. A kan ragar ya yi shafen siminti. Da ya bushe ya kwaɓa wata farar hoda ya bi da ita har bangon ya yi santsi kamar ƙwai. Sannan ya zo da gam a bokiti, da takardar bango a nannaɗe kamar tabarma. Sunanta takarda, amma in ka taɓa leda ce, mai furanni ruwan zinariya. Ƙasa ya shimfiɗa tayil, bakin ƙofa ya yi ɗan daɓen siminti don kada a shigo da ƙura.

Kafin ya fara shafe ya kira ni ya nuna mini wani wuri, daidai inda kan gadon Inna yake. Wurin ya ɗan lotsa, ya yi duhu, ya yi sumul.

"Alhaji, nan bangon ya ci. Kamar an daɗe ana goga masa hannu."

"Ban je Makka ba. Cike shi kawai."

Na tsaya a kansa kamar mai gadi, sai rana ɗaya da na kai albasa Birnin Kudu. Da na dawo ya riga ya rufe wannan bangon na wajen gado. Na riƙe wannan a raina.

Da aka gama, ɗakin ya zama abin kallo. Matan unguwa suka yi ta shigowa suna shafa bango suna sa wa auta albarka. Aka ɗauki hoto aka tura masa. Aka mayar da Inna gadonta a inda yake tun da. Na ga ta miƙa hannu ta dafa bangon, ta ɗan shafa, ta janye hannun ta sa a cikin mayafi. Ta ce Allah ya yi wa yaro albarka.

Daga nan Inna ta fara canzawa. Matar da take cinye kokonta ta nemi ƙari, sai a ɗauke kwano kamar yadda aka ajiye. Hira ta ragu. Da safe in na je gaisuwa sai na tarar fuskarta a kumbure kamar wadda ta yi kuka, tana ta tambayar matata ko rana ta fito, ko ruwan ya yi ɗumi. Ba a jima ba ta faɗi maganar da ta tsaya mini a ƙirji.

"Ki gaya wa mai gidan nan, ina so a kai ni Gwaram wajen yarinyar nan."

Matata ta ce, "Kwana nawa za ki yi, Inna?"

"A haɗa mini kayana duka."

Wanda bai san ƙauye ba ba zai gane nauyin wannan ba. Uwa ta bar gidan babban ɗanta, ta bar ɗakin mijinta, ta koma cin tuwon suruki. Kowa zai ce an gaza da ita. Kuma ban da maganar mutane, ni kaina ban san yadda zan fito da safe in ga ƙofar nan a rufe ba. Ba ta kiran sunana, amma tarin da take yi in ta ji takuna na san nawa ne.

Na fara da matata. Na tsare ta a madafa na ce ta faɗa mini abin da ta yi wa tsohuwa. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Malam, ni nake kwashe mata fo, ni nake yanke mata farce. In na gaji da ita ai ba sai an liƙa takarda zan nuna ba."

Na fita ban gamsu ba, amma ban sami abin kamawa ba.

Sai na koma kan gam. Bazara ce, in rana ta take ɗakin yakan ɗauki wani wari kamar na faci. Na ce wannan shi yake hawa mata kai. Na yago ɗan guntun takardar da ta rage na tafi Birnin Kudu, shagon wani mai fenti da kayan gini a bakin titi. Na ajiye masa a kan kanta.

"Wannan abin yana sa ciwo?"

Ya juya ta, ya shinshina. "Baba, wannan ai mai kyau ce. Irinta ake sa wa amare."

"Ba amarya na tambaye ka ba. Tsohuwa ce, ta daina cin abinci."

"To ka kai ta asibiti mana. Ni fenti nake sayarwa."

"In da guba a ciki za ka faɗa mini?"

Ya yi dariya. "In da guba a ciki da ni na fara mutuwa, a kanta nake barcin rana."

Mai sayar da abu ba zai kushe abinsa ba, wannan na sani. Na dawo na sa aka bar ƙofa da taga a buɗe, aka yi ta turare. Wari ya tafi. Inna ba ta dawo daidai ba. Mai duba marasa lafiya na garinmu ya zo ya auna ta, ya ce jininta bai hau ba, a dai dinga lallaɓa ta ta ci.

Wata asuba na fito zan tafi masallaci, na ji motsi a ɗakinta. Na haska fitila. Inna ce a ƙasa. Ta sauko daga gado ban san ta yaya ba, ta ja jiki a kan tayil har bakin ƙofa, rabin jikinta a waje a kan daɓen siminti, hannunta a miƙe tana lalube gaba. Na kira matata muka ɗauke ta. Muka mayar da ita gado. Da gari ya waye na duba bangon wajen gadonta, na ga gefen takardar duk an kankare shi da farce.

A nan zuciyata ta tafi inda ba na so ta je. Tsohuwar da ba ta iya tsayuwa ta ja ciki tana neman fita, ta ce a kai ta wani gari, tana yaƙushin bango. A wajenmu wannan sunansa kurciya, asirin da ake yi wa mutum ya ji gidansa ya fita daga ransa sai ya bar shi. Kuma wa ya rufe bangon ranar da ba na nan? Mutumin Gwaram. Wa ya kawo shi? Mijin ƙanwata. Ina Inna take so ta je? Gwaram. Ga gonar Inna ta fadama da nake nomawa, wadda mijin nan ya taɓa tambayata ko tana yin shinkafa. Na ce laya aka binne a cikin simintin nan.

Ban gaya wa kowa ba. Ƙanwata ta zo dubiya sau biyu a tsakanin nan, suka daɗe a ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa, da na matso suka yi shiru. A zuwa na biyu, da za ta tafi ta ce mini ta yi magana da mai mota, zai zo ya ɗauki Inna washegarin kasuwar Gwaram. Ta faɗa kamar an gama shawara.

Ana gobe kasuwa matata ta kira ni gefe, fuskarta ba daɗi. Tana canza zanen gado ta tsinci wani ƙulli a ƙarƙashin matashin Inna. Na kwance shi. Ƙasa ce, ja-ja, da ɗan ɓarɓashi, an ƙulle a tsumman atamfa. Na san atamfar, ta ƙanwata ce.

Na ce ƙasar kabari ce. Na sa ƙullin a aljihu. Inna ta ji ana taɓa matashinta, ta lalubo ba ta ji komai ba, ta ce da matata, "Wa ya ɗauke mini abina?" Na yi kamar ban ji ba na fita.

Da safe na hau babur sai Gwaram. Na fara neman mai shafe, na same shi a kasuwa a rumfar masu shayi, gilashin nan yana goshi.

"A'a, Alhajin Kiyako. Takarda ta ɗago ne?"

"Me ka sa a cikin bangon nan ranar da ba na nan?"

"Siminti da yashi."

"Sai me?"

"Sai ruwa."

Mutanen rumfar suka fara kallonmu. Na matsa kusa na rage murya. "Wani ya ba ka wani abu ya ce ka tura a ciki?"

Ya cire wayar daga kunne, karo na farko da na ga ya yi haka. "Baba, ni ko bisimilla nake yi kafin in ɗebi siminti. In kana zargina ka je ka fasa, in ka ga wani abu ban da murfin lemo ka kai ni wajen hakimi. Amma in ka fasa, ba ni zan gyara kyauta ba."

Wani tsoho a gefe ya ce, "Malam, zauna ka sha shayi, rana ta yi maka yawa."

Ban zauna ba. Na wuce gidan ƙanwata. Mijin yana kasuwa, na tarar da ita tana share wani ɗaki na ƙasa a gefen nata, har ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ko gaisawa ba mu gama ba na jefa mata ƙullin a gabanta.

"Mene ne wannan?"

Ta duba, ta dube ni. "Kai ka ɗauke mata?"

"Na ce mene ne. Daga wace maƙabarta?"

Ta jingine tsintsiya. Sai ta kama hannun rigata kamar muna yara, ta ja ni cikin ɗakin da take sharewa, ta nuna mini gindin bango. Ga wurin da aka kankara da wuƙa, sabo, launinsa ɗaya da abin da yake cikin tsumma.

"Ga maƙabartar nan, Yaya. Ka yi mata addu'a."

Ta saki rigata ta ci gaba.

"Kai da kake gida ɗaya da ita, wa yake ba Inna ruwan alwala da asuba?"

Na shiga lissafi. Matata tana kai ruwa da hantsi, da azahar, da la'asar, har isha. Da asuba kuwa ba a hura wuta ba, kuma Inna ba ta taɓa tashin kowa ba. Ban taɓa tambayar kaina ba.

"Bango take dafawa ta yi taimama," in ji ƙanwata. "Tun da ta faɗi. A wurin da Baba yake dafawa lokacin jinyarsa. Ta miƙa hannu daga kwance ta yi abinta ta yi salla a kan lokaci, ba ta roƙi kowa ba. Kun zo kun shafe shi da siminti kun liƙa leda. Ƙasa tayil, bakin ƙofa siminti. A ɗakin nan kaf babu inda za ta taɓa ƙasar Allah. Tun ranar da kuka mayar da ita, asubarta sai rana ta fito take yin ta, har sai da na kai mata ƙullin nan. Matar da ko tana naƙuda ba ta yarda rana ta riga ta ba."

Na tuna wurin nan da ya lotsa ya yi sumul. Na tuna hannunta a miƙe a bakin ƙofa, ashe ƙasar tsakar gida take nema. Ni mai ƙafa da buta, rabona da taimama tun wata tafiya da mota ta lalace mana a daji.

"Me ya hana ta faɗa?"

"Ta faɗa wa wa? Kai? Yaushe ta taɓa ce maka ga abin da take so? Ko ta ce wa auta abin da ya kashe wa kuɗi ya raba ta da salla? Ni ma sai da na yi mata rantsuwa ba zan faɗa ba."

Har na fara jin kunya, sai wani abu ya faɗo mini. Na dubi sabuwar tabarma, na dubi ɗakin da aka share tas.

"Ke kin sani tun zuwanki na farko. Da kin ce mini a samo mata dutse ko a buɗe bangon, da an gama. Amma kika yi shiru kika je kika nemo mota."

Ba ta musa ba. Ta ɗauki tsintsiyarta. "Uwata ce ni ma. Ka yi shekaru kana jin tarinta, ni sai dai a waya. Mota dai gobe da hantsi."

"Gonar fadama fa? Ita ma mijinki a waya yake jin ta?"

"Allah ya shirye ka, Yaya. Ka ci abinci kafin ka tafi."

Ban ci ba. Na ɗauki ƙullin na mayar aljihu.

Na iso Kiyako daf da magariba. Bayan an idar na tsaya na tambayi limaminmu, ban ce Inna ba ce, na ce wani ne. Ya ce bangon ƙasa tsantsa ana taimama da shi, dutse ma haka, amma abin da aka shafe da siminti ko fenti ko aka liƙa wa leda, a'a. Ya dube ni ya ce a gaishe da tsohuwa.

Na shiga gida na tarar an ɗaure kayanta a zani, an jera a bakin gado, har da tsohuwar fantekarta. Na tsuguna a inda na saba. Na miƙa wa matata ƙullin ƙasar na ce ta mayar inda ta ɗauka. Inna ta ji, ta laluba ta damƙe shi, ta juya fuska wajen bango.

Ban iya yi mata magana kai tsaye ba, ni ma ban saba ba. Na ce da matata, "Ki gaya wa Inna gobe zan hau dutse in samo mata ɗan madaidaici mai faɗi, a ajiye mata a kan gado."

Inna ta ce, "Ki ce masa dutse sai an miƙo. In ya gangara ƙarƙashin gado wa zan tasa?"

"Ki ce mata a dinga hura wuta tun kafin kiran salla."

"Ki ce masa yarinyar nan tana wuni a tsaye. Ba zan ɗora mata asuba ba."

Matata ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta.

"To ki ce mata zan fasa bangon."

Inna ta yi saurin juyowa, har ta kusa dubana. "Kada a taɓa wa yaro aikinsa. Ya kashe abin hannunsa, ya tura wa abokansa hoto. A kai ni Gwaram kawai, can ɗakin ƙasa ne."

"Ki tambaye ta, Gwaram ɗin take so, ko bangon?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na jira har ƙafata ta yi tsami, sannan na ji ta ce, ba da matata ba, ba da ni ba, kamar da ɗakin take, "A nan ya cika. Nan hannunsa yake."

Na fita waje na kira auta. Na ce masa zan yanke takardarsa wajen gado, faɗin tafi biyu, kuma zan fasa simintin. Ya ce haba Yaya, abin zai yi muni, a bari ya aiko da tire mai kyau a zuba yashi a ciki. Na ce ba shawara na kira ba. Ya ce dama tun farko ya lura ba na son gyaran nan. Na ce ya lura daidai. Na ce in yana so ranar rabo a cire masa simintinsa, zan tara masa ɓaraguzan a buhu. Ya kashe wayar. Har yau ban tabbata ba ko don Allah ya yi aikin nan, kuma ban tabbata mijin ƙanwata ya cire ido daga fadama ba.

Washegari da na dawo daga masallaci ban jira gari ya gama wayewa ba. Na ce matata ta ja Inna zuwa ƙarshen gado ta lulluɓe ta saboda ƙura. Inna tana cewa a bari, a bari, ban tsaya ba. Na sa wuƙar yankan albasa na zana murabba'i a takardar daidai inda nake tunawa, na ɓare ta, furannin zinariya suka naɗe a hannuna. Na ɗauko guduma da guntun ƙarfe na bi farar hodar da simintin a hankali don kada in raunata abin da yake baya. Na datse ragar waya, na zare ƙusoshi. Simintin da aka cika ramin da shi ya fito guda, kamar an ɗauke murfi.

Wurin yana nan yadda yake, ja mai duhu, sumul, da ɗan lotsawarsa. Na hure ƙurar, na goge da tafin hannuna.

Kafin in kwashe ɓaraguzan sai da na farfasa su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa ina dubawa. Murfin lemo ne kawai da ƙusa.

Muka gyara mata kwanciya. Matata ta kama hannunta ta kai wurin. Ta shafa, ta sake shafawa, ta ɗora tafi biyu ta bar su a nan. Rana ba ta fito ba tukuna. Na fita na ja mata ƙofa.

Na zuba ɓaraguzan a buhu na jingine a zaure. Sannan na ɗauko benci na ajiye a ƙofar gida, na zauna ina jiran mai motar Gwaram, don in gaya masa da bakina ya juya.